Ranar da Canjin Kawu Ya Ƙare

Kowa a kulob ɗin Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Sunan ya bi shi tun yana buga baya, kafin gwiwarsa ta hagu ta ci amanarsa a wani fili mai ramuka, likita ya duba ya ce ƙwallo kam sai dai kallo. Bai iya wata sana'a ba. Ya gwada zaman shagon yayansa na kayan gini, yana auna ƙusa yana hamma, har yayan ya gaji da ganin fuskarsa. Sai ya koma filin atisaye yana tsinto wa mutane ƙwallo ba wanda ya sa shi. Da aka ga ba shi da niyyar tafiya, aka ba shi riga da usur, aka ce shi ne mataimakin koci.

A kan wannan kujera furfura ta same shi. Kociyoyi suka yi ta zuwa suna tafiya, da mai zafin rai, da mai dogon wa'azi, da wani da ya zo da allo da alli kamar malamin lissafi. Duk wanda aka kora, Kawu ne ke raka shi mota da jakarsa. Duk wanda aka kawo, shi ke nuna masa famfon da ke aiki a banɗaki, da ƙofar ofis da sai an ɗaga ta take rufuwa.

A ido, aikinsa jera robobin atisaye ne da busa usur. Ainihin aikin kuwa lallashi ne. Ana gobe wasa babban koci zai tsaya a ɗakin canza kaya ya faɗi mutum goma sha ɗaya da za su fara, ya juya ya fice, ya bar sauran sun cika sun yi fam. Sai Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan a bakin famfo, wancan yana kwance igiyar takalmi, ya dafa kafaɗa ya rage murya ya ce, "Yi haƙuri. Wallahi da ni ne mai zaɓe, da kai zan fara." Kada a ce maƙaryaci ne. A lokacin da yake faɗa, har cikin ransa haka yake ji, domin Kawu ba ya iya ganin fuska a ɗaure ya wuce. Kuma maganar ba ta da tsada, tunda kowa ya san ba shi ne mai zaɓe ba, shi ma bai taɓa sa ran zai zama ba.

Wanda ya fi kowa shan wannan magana a kakar bana shi ne Katanga, tsohon golan kulob ɗin. Ya shigo yana saurayi lokacin da Kawu ke ɗingishin barin wasa, kuma Kawu ne ya yi jinyarsa shekarar da kafaɗarsa ta goce. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, an ɗauko wani matashi mai dogon hannu da ake kira Dogo an ba shi ragar. Kowane mako Katanga na zaune a ƙarshen benci da safar hannunsa a cinya, kowane mako Kawu na raɗa masa cewa da shi ne, ba za a yi masa haka ba.

Sai kakar ta lalace. Aka yi ta cin su gida da waje, har suka sauka gindin tebur, inda ake faɗawa rukunin ƙasa. Shugaban kulob ya kori koci da safe, kafin azahar ya sa aka kira Kawu. Bai ce masa ya zauna ba. Ya ce babu lokacin neman wani, saboda haka Kawu zai riƙe ƙungiyar na sauran 'yan wasannin da suka rage.

"Ka tsayar da mu a rukunin nan, kujerar ta zama taka," in ji shi. "In muka faɗa, sabon da zan kawo da nasa mutanen zai zo. Ka gane ai."

Kawu ya gane sarai. Ya sauko daga benen ofishin shugaban gwiwarsa na ƙara. Mutumin da ya haura hamsin, wanda bai san komai ba sai wannan fili, ina zai dosa?

Matarsa tana kan keken ɗinki ya kai mata labari. Ta tsayar da ƙafa ta dube shi ta saman tabarau, ta ce Allah ya sanya alheri, amma ita fa tana mamakin wanda ya ba shi ikon zaɓen mutane, shi da ko kaza ce ta shigo ɗaki sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Ya yi dariya, dariyar ba ta kai ciki ba. Yayansa kuma ya aiko da saƙon taya murna, ya ƙara da cewa kujerar shago tana nan ba a jefar ba.

Washegari da ya shiga fili ya tarar da fara'ar da bai taɓa gani ba. Duk wanda ya taɓa dafa wa kafaɗa, wato kusan kowa, yana yi masa murmushin mai jiran alkawari. Babu wanda ya tuna masa da baki. Ba su buƙata. Wannan ya karɓe masa jakar ƙwallaye, wancan ya tambayi lafiyar gwiwa, shi kuwa gumi na bin bayansa, domin mutum fiye da ashirin ne, gurbi kuma goma sha ɗaya.

Wasan farko ya zuba waɗanda suka daɗe a benci, aka lallasa su. Na biyu ya mayar da na da, ya ɗan cakuɗa don kada ran kowa ya ɓaci, aka tashi canjaras. Ya daina cin abinci sosai. Yakan zauna a tsakar gida da murafun kwalba yana jera su a kan tabarma, ya matsar da wannan ya dawo da wancan, kowane murfi da fuskar mutum a kansa. Matarsa ta ce ya cire tausayi ya zaɓi masu iyawa. Ya ce ai duk sun iya. Ta ce to shi ne bai iya ba ke nan, ta tashi ta ba shi wuri.

Aka zo wasan ƙarshe, a gida. Lissafin ba shi da wuya: in sun ci sun tsira, canjaras ma faɗuwa ce.

A wannan karon Kawu ya ɗaure. Ana gobe wasa ya tsaya a tsakiyar ɗakin canza kaya ya faɗi goma sha ɗaya mafi kyau da kulob ɗin ke da su, da Dogo a raga, bai canza ko ɗaya ba. Da ya tsaya nan, da an ce ya zama koci. Abin da ya rage kawai shi ne ya juya ya fice kamar yadda ya ga ana yi shekara da shekaru. Ya kai hannu ga ƙofa, ya waiwayo, ya ga kawuna a sunkuye, kuma babu wani Kawun da zai bi bayansa ya lallashe su. Ƙafarsa ta ƙi fita. Ya koma ya fara dafa kafaɗu. Tsohuwar maganar ba ta da amfani yanzu, tunda shi ne mai zaɓen, sai bakinsa ya samo sabuwa: "Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci zan sa ka." Ya faɗa wa wannan, ya faɗa wa wancan, bai tsaya ya ƙirga ba.

Katanga kaɗai bai samu ba, domin ba a canza gola haka kawai. Kawu ya zo ya tsaya a gabansa. Tsohon golan ne ma ya sauƙaƙa masa, ya ce ba komai, yaron ya fi shi tsalle yanzu, shi ma ya sani.

Ranar wasa filin ya cika har kan katanga. Suka buga abin da ba su buga ba duk kakar. Gab da hutu aka yi bugun kwana, mai tsaron bayansu ya tashi ya sa kai, raga ta motsa. Kawu bai yi tsalle ba, ya dai riƙe ƙarfen rumfar benci.

Da aka dawo, masu alkawari suka tashi ɗumama jiki ba tare da an ce su tashi ba. Suna gudu a gefen layi, suna zuwa daidai inda yake sai su rage sauri su kalle shi. Ya sa ɗaya, ya ce ai mai gajiya ya cire. Ya sa biyu a tare. Duk wanda ya shiga, na baya sai ya ƙara matsowa. Mai tausar 'yan wasa, wanda ya daɗe da sanin halinsa, ya ja rigarsa ya ce canjin da doka ta yarda ya kusa ƙarewa, ya bar ɗaya a hannu, ba a san abin da zai faru ba. Kawu ya ce ya sani.

Ya sani ɗin kuwa. Amma saura mutum ɗaya a gefen layi, ɗan tsakiya mai shiru-shiru da bai taɓa ƙwallo a wasa ba duk kakar, kuma jiya ya gaya wa Kawu cewa mahaifinsa zai yi doguwar tafiya ya zo kallo. Yaron ya tsaya da riga a hannu. Kawu ya dubi agogo, lokaci ya kusa. Me zai faru a ɗan abin da ya rage? Ya ɗaga hannu ya yi canjin ƙarshe.

Ba a jima ba baƙin da suke karawa da su suka kwaso ƙwallo ta sama. Dogo ya fito ya kama, ɗan gaban baƙin ya zo da gudu suka yi karo, aka ji ƙarar har benci. Dogo ya faɗi bai tashi ba. Aka shigo da gadon ɗaukar marasa lafiya.

Katanga ya riga ya miƙe. Ya zura safar hannunsa, ya ja maɗaurin da haƙori, ya buga tafin hannu biyu, 'yan kallo suka fara kiran sunansa. Ya nufi layi da sassarfa kamar an cire masa shekara goma. Alƙalin da ke kula da canji ya sa hannu ya tare shi, ya girgiza kai, ya juyo ya dubi Kawu.

"Koci, canjinka ya ƙare."

Kawu ya roƙi mutumin nan kamar mai roƙon rai. Ya ce rauni ne, ya ce gola ne, ya kama hannunsa da hannu biyu. Mutumin ya ce doka ce, ba shi ya yi ta ba. Katanga ya tsaya a bakin layi, yatsun ƙafarsa a kan farin fenti, sannan a hankali ya cire safar ya miƙa wa mai tsaron bayan da ya ci musu ƙwallo, domin dole wani daga cikin fili ya shiga raga.

Bugun tazara ne ya kashe su, kuma ba wani bugu ba ne. Ƙwallo ce mai sanyi da ta doki ƙasa sau ɗaya, irin wadda Katanga ke kamawa yana yi wa 'yan baya faɗa. Bawan Allah da aka sa a raga ya faɗi ta dama kafin ta iso, ta bi ta ƙarƙashin hannunsa ta shige. Filin ya yi tsit, har ana jin murnar 'yan tsirarun baƙi daga can kusurwa. Alƙali ya busa tashi ba da daɗewa ba, ɗaya da ɗaya.

Shugaba bai sauko ba. Direbansa ya aiko ya karɓi makullin ofis, direban ma kansa a ƙasa.

Ɗakin canza kaya ya watse da wuri. Waɗanda aka cika wa alkawari su suka fara sulalewa, ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Kawu ya zauna a kan benci yana kallon laka da guntayen filasta a ƙasa, yana jin baƙin cikin da bai taɓa ji ba ko ranar da likita ya raba shi da ƙwallo. Katanga ne ya rage. Ya gama sa kayansa, ya rataya jaka, ya zo ya tsaya a kansa. Babu fushi a muryarsa, kuma Kawu ya so a ce akwai.

"Kawu, yau kowa ya samu abin da ka ce za ka ba shi," ya ce. "Ni ban roƙe ka komai ba. Ni kaɗai kuma ka buƙata."

Kawu ya ɗaga hannu zai dafa kafaɗarsa, sai ya mayar da hannun kan gwiwa. Katanga ya ɗan jira, sannan ya ce a gaida gida, ya fita.