Maman Lawali da Ruwan da Ke Cizo

Duk mazaunin Sabon Garin Maraɗi ya san ƙarar tsohon babur ɗin Baba Maman Lawali, don tana riga shi isa ko'ina. Da rana ta ɗan ɗaga zai ɗaure jakarsa a baya, ya zura takalman roba, ya fara zagaye. Gidajen alhazai masu akwatin kifi na gilashi a falo yake fara bi, sannan ya miƙa Jiratawa wurin masu kiwon kifi a kwami. Aikinsa famfon da ke juya ruwan kifi ya sa masa iska, da wayar da ke kai wa famfon kuran, wato wutar lantarki. Ba ya doguwar gaisuwa. Kana cikin tambayarsa iyali, idonsa na bango yana neman inda aka soka waya.

In ya tarar da mahaɗin waya a ƙasa kusa da ruwa, ranar nan maigida ya shiga uku. Zai ɗaga shi ya kafe can sama, ya lanƙwasa wayar ta yi ciki, don ɗigon da ya biyo ta ya zube ƙasa. Dokarsa guda ce: a zare waya kafin hannu ya shiga ruwa. Wata Hajiya ta taɓa ce masa, ai ga kifin nan suna yawo lafiya lau, ina kuran ɗin? Ya ce, "Hajiya, kihi ba shi taka ƙasa. Ke ko kina takawa." Saboda irin wannan masifa tasa ake kiransa Sarkin Tsoro, shi kuwa yana amsawa. A watan nan ya rataye jakar, don hannu ya fara rawa. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗa wa mutane abin da tsoron nan ya tsare.

Sunana Tani. Lokacin da abin ya faru ina goye a bayan mahaifiyata Atika, don haka ba ganau ba ce ni. Daga bakinta na ji, da bakin ƙawarta Azumi, kuma har yau in Inna ta zo tsakiyar labarin sai muryarta ta sauka kamar akwai mai saurare a bayan zana.

Shekarar farin tamanin da huɗu ce. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, an rufe iyakar Nijeriya, ko ƙusa ba ta shigowa sai ta ɓarauniyar hanya. Mulki na hannun soja. Zamani ne da in mai kaki ya ce rana ta faɗi, sai ka tashi ka kunna fitila. A Jiratawa kaɗai ake ganin kore, inda injuna ke jawo ruwan rijiyoyi zuwa gonaki, kuma Maman Lawali, yana matashi lokacin, yana cikin masu kula da su. A gefen ɗakin inji akwai wata rumfa mai babban kwami na siminti da aka gina don rainon irin kifi, da famfo nutse a cikinsa.

Can wajen Tsibiri kuma akwai wani dattijo, Barmo, daga Anna masu bin addinin kakanni. Gidansu ke riƙe da wani tabki tun kaka da kakanni, su ke cewa a yi su, su ke cewa a bari. Da tabkin ya koma taɓo, Barmo ya kwashe abin da ya rage na karfasa a tuluna, ya ɗora wa jaki, ya kawo Jiratawa yana roƙo a ajiye masa iri har Allah ya kawo ruwa. Aka zuba su a kwamin. Daga ranar ya tare a bakin rumfar. Kullum da safe zai shiga ba takalmi, ya tsoma hannuwansa har gwiwar hannu, yana yi wa kifin magana ƙasa-ƙasa.

Maman Lawali ma yana da nasa abin safe. Bayan rumfar akwai wani ƙarfe da aka kafa a ƙasa, wayar famfon na ɗaure da shi, don in kuran ya ɓalle ya bi ta nan ya nutse. To, ƙarfen ba ya aiki sai ƙasar da ke riƙe da shi na da laima, ga shi fari ya mai da ita kamar toka. Sai ya riƙa juye masa ruwan butarsa. Mutane suka ce yaron nan ya taɓu, ana neman na sha yana shayar da ƙarfe. Barmo kan kalle shi ya yi dariya ya ce, "Malam, ashe kai ma kana da naka tsahin."

Ana nan sai surukar Maman Lawali ta rasu a Maraɗi, ya tafi zaman makoki. Ya bar wa mai gadin wurin saƙon ban ruwan ƙarfe, mai gadi ya ɗauka ba'a ce. Cikin kwanakin nan wata mata ta sa hannu a kwamin don wanke fuska, ta ji ruwan ya cije ta har kafaɗa. Kafin la'asar magana ta gama gari: iskokin tabkin Barmo sun biyo kifinsu, duk wanda ruwan ya ciza ya sami lafiya. Kada ku yi wa matan nan dariya. Yunwa ce a gida, yara na mutuwa da zawo, asibiti ba magani. Ni ma ina kwance kamar tsumma, Inna ta riga ta binne yayana a watan da ya wuce.

Ranar da Maman Lawali ya dawo, da hantsi, ya hango mata cunkushe a rumfar, dukansu ba takalmi, daɓen ya jiƙe sharkaf. Ya tambayi Azumi abin da ake rabo. Ta ce, "Ba rabo ba ne, ruwan ne ke cizo." Azumi ta ce ba ta taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Bai yi ihu ba. Ya yar da kekensa, ya ture mata biyu, ya fizge makunnin da ke bango. A daidai lokacin Inna ta kwance ni tsirara, ta riƙe ni ta hammata, ƙafafuna na lilo bisa ruwan. Ta ce abin da ta fi tunawa shi ne shirun da ya biyo bayan tsayawar famfon.

Mata suka yi masa caa. Ya kore su waje kan busasshen yashi, ya ɗauko ƙwan fitila mai waya biyu, ya jefa ɗaya a ruwa, ya danna ɗaya a jiƙaƙƙen daɓe, ya koma ya kunna. Ƙwan ya kama, ja wur. Ya kashe. Inna ta zauna daɓas tana ƙanƙame da ni har na yi ƙara.

Maman Lawali ya juya wurin Barmo. "Baba, kai da ke sa hannu kullum, ba ka ji ba?"

"Na jiya," in ji tsohon. "Tun kahin ka tahi nika jin shi kaɗan-kaɗan. Da ka tahi ya ƙaru."

"Mi ya hana ka hwaɗi?"

"In na hwaɗi, ka kashe injin. In ka kashe, su mutu. Mi zan ce ma ubana in na iske shi?" Ya dubi matan. "Ni ban ce masu iska ce ba. Amma ban ce ba ita ba ce."

Gaba kura, baya sayaki. Rana na hawa, ruwan na ɗumi, kifin suka fara tasowa suna buɗe baki a sama. Barmo ya tsuguna ya dafe kai. Maman Lawali ya karɓi ƙwaryar Azumi, ya cika ta daga kwamin, ya ɗaga sama da kansa ya tsiyayo, ruwan ya faɗa da kumfa, iska na shigarsa. Ya ce, "Iyayena, kun iya shiƙa? To haka za ku yi, kada ku tsaya." Azumi ta ce, "Bana ko zangarniya ba mu sheƙe ba, ashe ruwa za mu sheƙe." Suka jeru suka kama.

Suna cikin haka wani sarjan da ke gadin rumbun hatsin agaji ya shigo. An riga an sanar cewa wani babba zai zo daga Yamai ya ga aikin Jiratawa, kuma an ce komai ya kasance yana motsi.

"Wa ya kashe injin gwamnati?"

"Ni ne, sarjan. Wayar ta tsage cikin ruwa, kuran na zuba."

"Matan nan su hita. Kunna."

"Ranka shi daɗe, in na kunna, ina ba da baya wata za ta dawo da ɗanta. Baƙon ma, kowa ya ga kihi sai ya sa hannu."

"Ban tambaye ka ba. Kunna!"

Ya sauke bindigar daga kafaɗa. Azumi ta ce ƙorai suka tsaya a sama. Kowa ya san inda ake kai wanda aka ce ya lalata kayan gwamnati, kuma ba kowa ke dawowa da ƙafarsa ba. Kai ma ka sani, Baba Maman Lawali. Ka faɗa mini da bakinka cewa tsoro ya kama ka har ka ji fitsari na neman kubce maka. Amma ka sunkuya ka jawo famfon daga kwamin, ka ciro filaya daga aljihu, ka datse wayar a gindinta gaban idonsa, yadda ko an tafi da kai ba mai iya kunnawa. Gindin bindiga ya sauka a kunnenka na hagu. Aka ja ka zuwa mota jini na bin wuyan rigarka, kana waiwaye kana cewa, "Kada ku bar shiƙa!"

Ba su bari ba. Matan Jiratawa suka kama safe, matan ƙauyen Barmo suka riƙa tahowa daga Tsibiri a ƙasa suna karɓarsu, ciki ba komai sai ruwan kunu. Inna na cikinsu da ni a baya na fara samun sauƙi, don wata ungozoma da ta zo shiƙar ce ta koya mata haɗa ruwan gishiri da sukari, shi ya tsai da zawon. Kifi da yawa sun mutu duk da haka, Barmo na tsince su ɗaya-ɗaya yana binnewa. Babban baƙon kuwa ya zo ya zaga gonakin alkama ya tafi, ko leƙa rumfar bai yi ba.

Ba tausayi ya sa aka saki Maman Lawali ba. Injin wata rijiya ne ya tsaya, aka rasa mai tayar da shi. Da ya gama da rijiyar bai wuce gida ba, rumfar ya nufa, fuska a kumbure. Ya samo waya daga wani mataccen inji, ya ɗaura, ya toshe bakinta da kwalta da robar taya, ya jiƙa ƙasar ƙarfen nan sosai. Ya kunna, ya gwada da ƙwan fitila, ƙwan bai kama ba. Barmo ya nannaɗe hannun riga zai tsoma, ya riƙe shi. "Tsaya, Baba. Ni na ɗaura, ni zan hwara." Ya tuɓe takalmansa, ya taka daɓen, ya nutsa hannu har kafaɗa. Matan da ke wurin sun ce sun ga leɓensa na motsi da kalmar shahada. Ya daɗe a haka kafin ya ɗago ya ce, "Bismilla."

Damina ta gaba ruwa ya sauka, Barmo ya mai da abin da ya tsira cikin tabkinsu. Ya rayu har ya ga jikokin jikokin kifin nan, ya mutu a kan tabarmarsa da tsufansa.

Baba Maman Lawali, kai ne matsoracin da ya fi jarumai amfani. Ba a ba ka lambar yabo ba, ba a ma ba ka haƙuri ba. Ka ci gaba da bin gidaje kana faɗa da mutane a kan waya, suna ce maka ka cika fitina, kana tafiya ka bar ƴaƴansu da rai ba su ma san an yi ba. Na gode, Baba. Inna ta gode, ƴaƴana sun gode. Allah ya saka maka da Aljanna, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma samarin da kuka gaji aikin, yanzu da kowane gida ke son akwatin kifi kuma kowane lungu akwai kwami, ku ɗauki halinsa tare da filayarsa. In maigida ya ce a lallaɓa haka nan, ku ƙi, ko da zai kira wani. Masu kifi, in ruwa ya ɗan tsikare ku, kada ku ce ƙaiƙayi ne, ruwa ba ya tsami banza. Ku zare waya, ku kira mai gyara, ku hana yara matsowa.

Idon Baba ya yi rauni, ba zai iya karanta wannan da kansa ba. Duk wanda zai karanta masa, don Allah ya zauna ta damansa ya ɗaga murya. Kunnen hagun bai sake jin komai ba tun ranar da ya datse wayar nan.