Malmala Uku

Ƙanina injiniya ne, irin wanda ko shayi zai haɗa sai ya auna sukari. Shekarar da ya samu aiki a tashar lantarki ta nukiliya, ya taso daga Aston ta Birmingham zuwa gidana a Old Trafford ta Manchester, inda mahaifiyarmu Hajiya ta sauka. A gidanmu ba a kama aiki sai Hajiya ta sa albarka.

Ya zo da takardar kamfanin mai sheƙi, da hoton tumaki suna kiwo a gindin katangar tashar. Ya yi ta bayanin ma'aunin tururin nukiliya da ake maƙala wa ma'aikaci a ƙirji, da hukumar da ke sa ido, har shayinsa ya huce. Hajiya ta tambayi wanda ya rubuta takardar. Ya ce masu wurin. Ta ce to.

Sai na karɓe zancen, tunda ni ne bakin gidan. Na ce katangar wurin ta ninka badalar Kano sau goma, kicin ɗinmu ma ya fi shi haɗari, tumakin nan kuwa don tsabar lafiya su ke duba likitan unguwa. Matata ta yi dariya. Hajiya ba ta yi ba.

"Babba," in ji ta, "da wannan muryar ka ce min mahaifinku ya cinye malmala uku."

Lokacin da Baba ke kwance a asibiti a Birmingham, ita tana Kano. Likitoci sun gaya mana gaskiya, mu kuma muka yi abin da aka saba: ba a jefa wa uwa mugun labari ta waya. Kullum ni ke kira in ce jiki da sauƙi. Ranar malmala ukun ko ruwa ba ya wuce masa. Washegari ya rasu, ba ta zo sun yi sallama ba.

Ƙanina ya ce shi bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ta ce ai ranar yana tsaye a gefena, bai ƙaryata ni ba.

Ba ta ce wurin zai kashe shi ba. Cewa ta yi ba ta sani ba, kuma ba ta da sauran wanda za ta tambaya. Albarka dai ba ta fito ba. Ya jira har wa'adin da kamfanin ya ba shi ya cika, ya rubuta musu ya haƙura.

Har gobe na yarda tashar lafiya lau take. Amma yanzu ko na ce wa Hajiya ana ruwa, a Manchester fa da ruwa ba ya yankewa, sai ta tashi ta ɗaga labule.