Kwandalar Baba Mai Jinjirin Wata

Babana yana da wata kwandalar naira biyu, irin mai launi biyu ɗin nan, wadda ya fi shekara goma yana yawo da ita a aljihun jamfarsa. Wata mai nono ce daga Tudun Fulani ta ba shi canji da ita, lokacin yana da rumfar hatsi a Kasuwar Kure. Zanen da ke jikinta ya goce gefe guda, ya bar wani fili sumul mai lanƙwasa. Baba ya ce jinjirin wata ne, kuma haka ta fito daga gidan buga kuɗi.

Amininsa bai taɓa yarda ba. Dattijo ne mutumin kudancin Kaduna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, gidansa na bayan namu a Maitumbi. Kullum bayan la'asar sai ya zo su zauna gindin mangwaro, ya karɓi kwandalar ya juya ta, ya ce, "Alhaji, jirgi ne ya taka wannan. Yara suna sa shi a kan dogo, ni na sani." Baba sai ya yi murmushi, amma ni da nake kawo musu shayi ina ganin yadda abin ke cinsa. Mutum ne da bai taɓa tauye mudu ba, ya tsani a ɗauki maganarsa tatsuniya.

Ni na gano a waya cewa akwai masu duba irin waɗannan kuɗin a ƙasar waje. Kana cike fom ka aika, su sa ta ƙarƙashin madubi, su tabbatar ko kuskuren na gidan bugu ne ko hannun mutum ne, su ba ta maki, su rufe ta cikin gidan roba. Sharaɗinsu guda suka yi ta nanatawa: kada a goge, kada a wanke. Na karanta wa Baba. Inna tana madafa, ban ga dalilin gaya mata ba.

Ranar da wani ɗan kawuna mai tafiya ƙasar waje zai zo karɓarta, na fito da safe na tarar da kwandalar a kan faranti tana walƙiya. Inna ta dirje ta da toka da lemun tsami, yadda take yi wa tukwanenta idan za a yi baƙi.

"Inna, me kika yi?"

"Me na yi kuwa? Abu za a kai gaban mutane, a kai shi da dauɗar aljihu? Su ce daga wane gida ya fito?"

Wallahi raina ya ɓaci, na faɗi maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Na ce ta kashe maganar Baba, yanzu za su ga ƙarce su ce mu muka ƙera ta da hannu. Ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki. Na naɗe kwandalar na miƙa, Baba bai san an yi ba.

Watannin jiran nan su na fi tunawa. Damina ta sauka, mangwaron ya yi duhu, Baba ya riƙa sa hannu aljihu yana fito da shi wayam. Sai ya kishingiɗa ya lumshe ido ya bi ta a zuci. Yau tana saman teku, in ji shi. Gobe tana wani ɗaki mai sanyi, wani mai farar safar hannu ya ɗaga ta ya kira abokan aikinsa su zo su ga wata. Har amininsa ya shiga ciki, yana tambaya ko ta sauka lafiya. Ni ma wani lokaci, ina cikin keke a hanyar ofis, ruwa na dukan tamfol, sai in gan ta tana juyawa a hankali cikin hasken fitila. Sai kuma in tuna tokar.

Kwandalar ta dawo wata Asabar da yamma, a rufe cikin robarta, da 'yar takarda a sama mai layi biyu da Turanci. Dattawan na gindin mangwaro. Inna ta fito ta tsaya bakin ƙofa, hannunta da ludayi.

Na fassara layin farko: kuskuren gidan bugu ne, na gaske.

Aminin Baba ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Alhaji, ka ci. Dama jirgi ba ya barin baki mai kyau haka." Baba ya karɓi abarsa yana shafa robar da babban yatsa, daidai wurin da jinjirin yake, idonsa ya ciko.

Can ya ce, "Na ƙasan fa? Maki nawa suka ba ta?"

Na kalli Inna, ta sunkuyar da kai. Na ce, "Ba su ba ta maki ba, Baba. Sun ce an wanke ta."

Baba ya juya ya dubi matarsa, ya dubi ludayin, ya sake duban takardar da ba ya iya karantawa.

"Har can suka gane?" in ji shi. "Hajiya, zo ki gani. Layi ɗaya nawa, layi ɗaya naki."

Inna ta goge hannu da gefen zani kafin ta karɓa. Ni kuwa na koma ciki wai zan ɗora shayi, na tsaya jikin murhu ina kuka.