Yadda Na Raba Matata da 'Yar Kurmi

Assalamu alaikum Edita. A shekarun da abin nan ya faru ina da ɗan shago a Gyadi-Gyadi, ina buga wa mutane takardu a kwamfuta, ina yin fotokwafi da katin biki. Matashi ne ni mai son a san da shi. Na sha gwada rubuta littafi ban taɓa wuce shafi goma ba, amma in ana hirar marubuta a bakin shago muryata ce a sama. Muna haya a Tarauni ni da matata, 'yar wani ƙauye a gefen dajin Falgore, mace mai kunya wadda in an yi baƙi da ƙyar take ɗaga kai.

Wata rana ina neman katin asibiti a akwatinta na ci karo da littattafan rubutu guda uku cike da zane. Labari ne a jere, gida-gida, kowane hoto da maganarsa a sama. Wata budurwa ce baƙa doguwa, ta ci ɗamara, gora a rataye, sanda a hannu, tana yawo a daji da wani kare mai guntun kunne. Ta sa mata suna 'Yar Kurmi. Ba ta tashi sama, ba ta kokawa da zaki. Abin da ta iya shi ne bin sawu, da sanin ganyen da ke tsayar da jini, da cire zuma ba tare da an ƙone ƙudan ba. Da na tambaye ta sai ta rufe fuska, ta ce siffar kakarta ce wadda ta raine ta, take tafiya da ita daji tun tana ƙarama. Ta ce tun da tsohuwar ta rasu, in kewa ta dame ta sai ta ɗauki biro.

Na yi ta lallashi har ta yarda mu buga. Sharaɗinta ɗaya, kada a sa sunanta, tana jin nauyin dangina. Ni kuwa sai na sa nawa a bango, na ce mata don masu sayarwa su san wanda za su nema. Ta yi shiru, na ɗauki shirun a matsayin yarda. Fitowa ta farko shafi goma sha shida ce, baƙi da fari, da injin shagona na fitar, ni ina ninkewa ita tana ɗinkewa da zare da allura. Na rarraba wa masu kayan makaranta a kasuwar Tarauni, ba a yi sati biyu ba suka aiko a ƙaro. A ta biyu 'Yar Kurmi ta yi arangama da masu sare itatuwa su yi gawayi. Ta uku a maɗaba'a aka buga ta da bango mai launi, ta shiga Darmanawa da Hotoro, har direbobi na ɗauka su kai wasu garuruwa. Yawancin masu saye 'yan mata ne. Duk wannan aiki tsakanin azahar da la'asar take yin sa, ta kifa faranti a cinya ta ɗora takarda. Ni kuma a waje ake kirana Malam mai 'Yar Kurmi, ina amsawa da faɗin kai.

Bayan ta huɗu wani gidan rediyo ya gayyace ni hira. Da bakina na ce mata ta kunna ta saurara. Ana cikin hira mai gabatarwa ya tambaye ni inda na samo wannan yarinya. Wallahi ban shirya ƙarya ba, amma ita ce ta fito. Na ce kakata ce, ita take tafiya da ni daji ina yaro. Kakata da aka haifa a cikin badala, a tsakiyar birni, wadda ko akuya ba ta taɓa korawa kiwo ba! Na kwashe duk abin da matata ta ba ni labari na zuba, har da karen mai guntun kunne.

Da na dawo gida ta kawo mini abinci kamar kullum, ta zauna daga gefe. Sai da na wanke hannu ta ce, "Sunana ni na ce kada ka sa, ban ga laifinka ba. Amma da ka bar mini kakata." Maimakon in ba ta haƙuri sai na hau faɗa. Na ce harkar kasuwa ce ba ta gane ba, kuma ba don injina ba da tuni gara ta cinye zanenta. Ta ce haka ne, Allah ya huci zuciyata.

Ba ta ce ta daina ba. Takan kifa farantin ta riƙe biro har a kira la'asar, takarda na nan fara. Ta ce hannun ne ya ƙi. Na ɗauka horo take yi mini, sai na rantse zan nuna mata ba ita kaɗai Allah ya yi ba. Na nemo wani mai zane da kwamfuta. Ya mayar da 'Yar Kurmi fara sol, da gashin kanti har baya da matsattsun kaya, ya ba ta bindiga, ya canza karen da damisa. Na buga wannan fitowa ta biyar da yawa, masu shaguna suka dawo mini da su a ɗaure. Wata malamar makaranta da ke saya wa ɗalibanta ta zo har shago, ta jera ta huɗu da ta biyar a kan tebur, ta ce wanda ya zana wannan bai taɓa taka daji ba, ta tambaye ni ina mai zanen farko. Na ce ya yi tafiya. Ta shida ba ta taɓa fitowa ba.

Sai da na shekara uku kafin girman kai ya bar ni na roƙi gafararta. Ta ce ai ta daɗe da yafewa. Na haɗa fitowa huɗun nan na buga su a littafi guda, da sunanta da na kakarta a bango. Ta karɓa da hannu biyu, ta shafa sunan tsohuwar, ta yi godiya. Na sayo mata takardun zane masu kyau da fensira kala-kala. Har yau suna cikin ledarsu.

Abin da ya sa na rubuto muku, a watan jiya 'yarmu da ke aji uku ta zo da aikin gida, an ce su zana bishiya da tsuntsu. Ta kai wa uwarta ina zaune. Ba da fushi ba, ba da gatse ba, uwar ta ce, "Kai wa Babanki, shi ne mai zane a gidan nan." Yarinya ta miƙo mini fensir. Na zana wani abu kamar tsintsiya a kife, ta yi ta dariya tana cewa Baba wasa yake yi. Na tashi na fita, don kada ta ga idona.

Na gane yafiya daban, gyara daban. An yafe mini, muna zaune lafiya, amma abin da na kashe a hannun baiwar Allah nan ban iya tayar da shi ba. Ina kira ga 'yan uwana maza, da duk wanda ke cin moriyar basirar na ƙasa da shi: in mai kunya ya ce kada a faɗi sunansa, ba cewa ya yi ka ɗauka ba. Faɗi gaskiya tun ana tambayarka, domin ranar da ka shirya faɗa, mai abin ya riga ya ajiye biro.