Agogon Da Na Ɗaura Wa Mahaifina

Assalamu alaikum. A lokacin da abin da zan faɗa muku ya faru ina da shekara talatin da ɗaya, ina da rumfa a bakin babbar kasuwar Sokode, ina sayar da ƙananan kayan lantarki: caja, fitilar sola, rediyon da ake sa wa memori, batirin ko-ta-kwana na cajin waya, da duk wani sabon abu mai araha da ya shigo daga Lome. Na yi makaranta har koleji, ina karanta Faransanci, kuma a layinmu duk wanda wayarsa ta rikice wurina yake kawowa. Wannan ya sa kaina ya kumbura. Ina ganin babu abin zamani da ya fi ƙarfin sanina. Ina roƙon ku buga wasiƙar nan yadda na rubuto ta, kada ku rage mata zafi, domin har yau raina a ɓace yake, kuma rabin fushin da kaina nake yi.

Mahaifina yana Dapaong, a zangon da aka haife mu. Mahauci ne tun yana saurayi, mutum mai ƙarfi, mai son nama da gishiri da hira. Da girma ya zo masa sai aka gano yana da hawan jini, wanda mu a nan muke cewa tansiyon. Aka ɗora shi a kan ƙwayar magani kullum da safe, aka ce duk wata ya je ƙaramin asibitin unguwa a auna shi. Baba ya tsani abubuwan nan biyu. Ya tsani zaman layi a kan benci, ya kuma tsani ƙwayar saboda tana sa shi yawan fitsari, alwalar azahar ba ta kai shi la'asar. Yayata, wadda take aure a bayan gidanmu, ita ce mai fama da shi. Ita ke tare mai babur ta kai shi, ita ke tsayawa a kansa har ya haɗiye maganin, ita ke shan faɗansa. Ni kuwa ina Sokode, nawa bai wuce kira a waya da aike ba.

Ana saura kwanaki Babbar Salla, Alhajin da nake sarin kaya a wurinsa ya sauke wasu agogunan hannu masu fuskar gilashi kamar ƙaramar waya. Ya ce suna nuna lokaci, suna ƙirga taku, suna auna bugun zuciya, har da tansiyon. Ya ɗaura mini ɗaya, ya danna, wata koriyar wuta ta yi ta ƙyaftawa a ƙarƙashinsa, can sai ga lamba ta fito: sha biyu bisa takwas, yadda muke faɗin ɗari da ashirin bisa tamanin a nan. Ya ce lafiyata ƙalau, kuma irinsa ne manya suke sawa a Turai, sai dai wannan an yi shi ne daidai aljihun talaka. Kuɗinsa bai kai na buhun gawayi biyu ba. Ban tambayi komai ba. Na ɗebi kwali guda, na ware baƙi mai kyau na ce wannan na Baba ne.

Ranar Salla a Dapaong, bayan an sauko daga idi, na ɗaura masa a tsakar gida, 'yan'uwa duk suna kallo. Na danna, ya nuna sha biyu bisa takwas. Baba ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce ashe ya warke ana ta wahalar da shi a banza. Yaya ta ce ita dai ma'aikaciyar jinya ta gaya mata wannan ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi, kuma ba ta yarda abin da ake sayarwa kusa da caja ya maye gurbin awon asibiti ba. Na ji haushi don ta taɓa sana'ata a gaban mutane. Na ce mata ta tsaya a kan tuwonta ta bar mana abin da muka sani. Aka yi dariya, ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji daɗin dariyar nan a ranar, Allah ya yafe mini.

Bayan kamar wata ɗaya Baba ya kira ni. Ya ce kullum safe da yamma yana dannawa, kullum sha biyu yake gani, wani lokaci sha ɗaya da wani abu. Ya tambaye ni, tunda haka ne, ko akwai amfanin ya ci gaba da shan ƙwayar da ke karya masa alwala. Ina tsaye a rumfa, ina miƙa wa wani caja da hannu ɗaya, na ba shi amsar da ba zan manta ba har in mutu.

"Baba, na'ura ba ta ƙarya. In ta ce lafiyarka lau, to lafiyarka lau."

Daga ranar ya ajiye magani, ya daina zuwa awo. Yaya ta kira ni sau uku a kan maganar, na uku na kashe wayar tana cikin magana. Baba ya mai da agogon abin alfahari, a majalisa yana ɗaura wa abokansa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga sha biyu ya yi hamdala. Har aike ya yi mini in kawo wa mutum biyu. Da ya fara jin ciwon kai a ƙeya, da jiri in ya miƙe, sai ya duba hannunsa ya ce rana ce kawai.

Wata na huɗu, ranar kasuwar Nano, ya bi wani tsohon abokinsa ɗan ƙabilar Moba don su duba raguna. Da hantsi, yana tsaye yana taya wani rago, sai maganarsa ta harɗe, sandarsa ta faɗi, shi ma ya bi ta. A bayan motar kaya aka kawo shi asibitin Dapaong. Yaya ce ta kira ni, ba ta yi kuka ba, ta ce in taho kawai. Na rufe rumfa na hau mota. Daga Kara har Mango ina ta gaya wa kaina ba tansiyon ba ne, ai jiya ma ya ce mini sha biyu ya gani.

Na iso bayan la'asar na same shi a kwance, bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Idonsa biyu, ya gane ni, yana son magana amma sai gurnani. Agogon yana nan a hannun hagunsa. Ma'aikaciyar jinya, wata mace mai ɗan shekaru, ta shigo ta naɗa masa abin awonsu a damtse ta hura, ta ce har yanzu yana sama da ashirin, kuma da aka kawo shi ya fi haka. Ni da wautata sai na danna agogon a gabanta, ya nuna sha biyu bisa takwas, na ce mata ko dai nasu ne ya lalace. Ta dube ni kamar za ta mare ni. Ta kwance agogon daga hannun Baba, ta ɗauki robar ruwan da ke kan teburi, ta ɗaura mata, ta danna. Koriyar wutar ta yi ta ƙyaftawa. Ina kallo da idona robar ruwa ta samu bugun zuciya, ta samu tansiyon sha biyu bisa takwas. Matar ta ce ba yau ta fara ganin irinsa ba, babu abin da yake aunawa, lambobi ne aka zuba masa yake juya su. Ta tambaya wa ya saya wa tsohon nan wannan abu. Na ce ni ne. Yaya, wadda tun da na shigo ba ta dube ni ba, ta ce, "Ba saya kawai ya yi ba. Shi ke sayar da su."

Kwana tara na yi a asibitin, ina juya mahaifina, ina share masa yawu, mutumin da a da shi kaɗai yake kayar da bijimi. Da na koma Sokode ban biya gida ba, shagon Alhajin na nufa. Na tarar an ƙaro sabbin kwalaye, har da masu launin ja da na zinariya. Na gaya masa abin da ya faru. Ya yi salati, ya ce Allah ya ba shi lafiya, sannan ya ce shi ɗan kasuwa ne ba likita ba, abin da ya zo a kwali shi yake sayarwa. Na tuna masa da bakinsa ya ce yana auna tansiyon. Sai ya juya kwalin ya nuna mini wani siririn rubutu a ƙasa, cikin Ingilishi, wanda sai ka kanne ido za ka gani, ya ce an rubuta ba don aikin asibiti aka yi shi ba. Ashe ya sani. Ya san abin da rubutun yake cewa tun ranar da ya ɗaura mini. Ya ƙara da cewa, a wannan kuɗin, asibiti guda nake so a sa mini a hannu?

Nan na fita hayyacina. Na tsallaka wurin masu doya na ɗauko ƙatuwar doya guda, na dawo ƙofar shagonsa, na ɗaura mata sabon agogo daga cikin kayansa, na ɗaga sama ina ihu jama'a su zo su ga doya mai bugun zuciya. Mutane suka taru. Wasu suka riƙe baki, amma da yawa dariya suka yi, har da masu ɗauka a waya kamar wasa ake yi. Maƙwabtansa suka janye ni. Da yamma shugaban 'yan layinmu ya kira ni, na zaci zai ce a kwashe kayan daga kasuwa. Sai ya ce in yi haƙuri, ciwo ƙaddara ne, kada in ɓata wa mutane abincinsu, kuma in je in ba Alhaji haƙuri tunda ya girme ni. Na yarda da ƙaddara, ni Musulmi ne. Amma ba ƙaddara ce ta zauna a masana'anta ta tsara agogon da zai riƙa gaya wa marar lafiya yana lafiya ba. Mutum ne ya yi, wani ya loda a jirgi, wani ya sauke, wani ya karanta gargaɗin ya yi shiru, ni kuma na kai gida na ɗaura wa ubana. Ban ba shi haƙuri ba, ban kuma sake sayen ko allura a wurinsa ba. Har yau agogunan suna nan a shagonsa, ana saye.

Da fushina ya ɗan lafa sai wani abu ya faɗo mini wanda ya fi komai tayar mini da hankali: kwalin da na ɗauka ai na sayar da shi kaf. Na bar rumfa na shiga neman mutanen. Waɗanda na sani na bi su gida-gida da robar ruwa a hannu ina nuna musu. Wani malamin makaranta ya gode mini, washegari ya je awo aka same shi da sha takwas. Wani direba kuwa zagina ya yi, wai ina so in karɓe ne in sayar da tsada. Abokan Baba na majalisa ma sai da na je Dapaong na bi su ɗaya-ɗaya.

Baba yana raye. Yana zaune a kan kujera a zaure, da hannun hagu yake cin abinci, kalma uku ko huɗu yake iya haɗawa. Bai taɓa nuna mini fushi ba, in na zo sai ya kama hannuna ya riƙe, kuma wannan ya fi duka ciwo. Yaya ce ke ɗawainiyarsa kamar da, sai dai yanzu har da wanka da kai shi bayi. Na durƙusa na roƙi gafararta. Ta ce ta yafe, amma in daina zuwa ina yi mata kuka a tsakar gida, in na zo in ɗauki bokiti.

Ban daina sana'ata ba, kuma ba na cewa duk kaya mai araha mugu ne. Fitilar solar da nake sayarwa yara da yawa da ita suke karatu a ƙauyukan da ba wuta. Sai dai fitila in ta mutu, nan take za ka ga duhu ka san an cuce ka. Abin da ke yi maka ƙarya a kan jininka kuwa ba za ka gane ba sai kana kwance. Don haka ina gargaɗin duk mai irin agogon nan, ya ɗaura wa doya ko roba ya gani. Ko agogon ya ci wannan jarrabawar, kada mai shi ya ajiye magani sai ma'aikacin lafiya ya ce ya ajiye. Ku kuma 'yan'uwana masu rumfa, in ba ku san abin da kaya yake yi ba, ku ce ba ku sani ba. Kada son ciniki ya sa ku zama likitoci.

Akwai mutum ɗaya da har yau ban samu ba, kuma saboda ita ne na rubuto. Wata mata ce mai tsohon ciki daga wajen Kambole, ta zo rumfata da mijinta, ƙafafunta a kumbure. Mijin ya ce a asibiti an ce ta riƙa zuwa awon tansiyon duk mako, ga hanya da nisa. Na ce masa da wannan agogon sun huta da zirga-zirga. Na zaɓa mata mai ruwan hoda, ni na daidaita mata maɗaurin. Ban tambayi sunansu ba. Sau biyu ina zuwa Kambole ranar kasuwa ina tambaya, ba wanda ya gane su. Ban san ko ta sauka lafiya ba, ban san ko tana raye ba. In akwai wanda ya san matar da ke sa irin wannan agogo a wannan yanki, don girman Allah ya je yau, ba gobe ba, ya ce ta cire shi ta tafi a auna ta.