Wanda ya ɗinke ƙasan raga

Yau shekara goma sha bakwai ke nan da muka kai Salifu makwancinsa a Tafo, kuma har yanzu in na ji wani ya ce "ka tabbata?" sai na waiga. Masu karatu ku yi haƙuri da rubutun. Aji uku na yi a boko, na huɗun ta taga na leƙa shi, amma da wannan ɗan abin Zongo ta naɗa ni Kirachi, wato mai ilimi, ni kuma ban saba musa wa jama'a ra'ayinsu ba.

Tun makon jiya na kasa zama wuri ɗaya. Na shiga trotro, motar hayarmu, zuwa Magazin, unguwar makanikai, ba ni da mota ba ni da saƙo, na dawo unguwarmu Asawase, na sake fita. Rabi ce ta jawo, jikar Salifu, doguwar yarinyar nan da ke buga ƙwallon kwando a ƙungiyar mata ta jami'a. Ta zo gaishe ni ta ce, "Tsoho, a filinmu ana ba sababbin 'yan wasa labarin wani ɗan Zongo da ya ɗinke raga don wauta. Mama ta ce kakana ne. Haka ne?" Na ce mata, "Amarya, ba a tambayar ango da yunwa." Ta yi dariya ta tafi. Ni ban yi ba.

Ga yadda aka yi. Kafin a ba ƙasar nan 'yanci, jami'ar tana kwaleji, daji ya fi gini yawa. Ni masinja ne a ofishin wasanni, Salifu lebura ne a fili. Ɗan dukawa ne, an haife shi da allura a hannu. Shi ke ɗinke tamola in ta fashe, shi ke gyaran takalman 'yan ƙwallon ƙafa, ragar gola da ta ƙwallon raga kuwa ba su taɓa kwana da rami ba. Baturen wasanni, wanda muke kira Masta, ya yi masa alkawarin zai riƙa bin ƙungiyar ƙwallon ƙafa duk inda za ta, da riga mai tambari. Salifu bai da wani buri da ya wuce wannan. Ya riga ya gaya wa rabin Zongo.

Sai aka kafa sabon wasa, ƙwallon kwando. Aka tsayar da ƙarfe biyu, kowanne da allo da zobe, aka rataya musu ragar da aka kawo daga ƙetare, za a buɗe filin da baƙi daga kwalejin bakin teku. Da safiyar ranar Salifu ya kira ni, ya nuna sama. Ya ce, "Kirachi, dubi aikin nan. Ƙasanta a buɗe. Haka ake yinta, ko ɓera ne ya ci a jirgi?"

Ku fahimce mu. Mu 'yan Zongo cikin masu goro muka tashi. Kwandon da ba ƙasa sunansa asara. Ragar gola tana riƙe ƙwallo, ragar masunta tana riƙe kifi, ba mu taɓa ganin ragar da aka yi don ta saki abu ba. Ni ma ban taɓa ganin wasan ba, amma ta yaya Kirachi zai ce bai sani ba a gaban lebura? Na gyara wuyan riga na ce, "A yage take. Na gani a littafi."

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Ni da kai, wa ya yi makaranta?"

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, sai dai ba su faɗi wanda za a tambaya ba. Salifu ya ɗauko tsani da zaren fata, ya ɗinke su biyun, ɗinkin da yake yi wa sirdi.

La'asar ta yi, fili ya cika, manyan malamai a kujeru. Wani zabgegen ɗalibinmu ya jefa ƙwallon farko, ta shiga, ta zauna kamar kaza a kan ƙwai. Aka tsaya ana jiranta. Sai baƙi suka fashe da dariya, wani ya zo ya durƙusa a ƙasa yana roƙonta da Turanci ta sauko. Aka kawo sanda, aka kawo tsani, aka ja da hannu, ɗinki ya ƙi. Sai da aka aika kicin aka ɗauko wuƙa.

Masta, fuska ja kamar manja, ya sa aka kira Salifu, ni ne kuma tafinta. Ya ce in tambaye shi wa ya sa shi. Na tambaya da bakina. Salifu ya dube ni, sannan ya ce, "Gaya masa ba kowa." Na fassara daidai. A duk aikina, wannan ce fassarar da ban yi kuskure ba.

Aka sallame shi a ranar. Ya koma Magazin yana ɗinkin kujerun mota har idonsa ya gaza, bai sake taka filin ba. Ni na zauna a kwaleji har na yi furfura. Bai taɓa yi mini gori ba. Abin da kawai yake yi, ko cewa na yi za a yi ruwa, sai ya ɗaga gira ya ce, "Kirachi, ka tabbata?" Mutane su yi dariya ba su san ta mene ne ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma a wuyan wani nawa ya ɗaure.

Me Salifu zai ce da ya ga yau? Filin ya zama ɗaki mai rufi, ƙasa tana sheƙi, takalmi in ya yage sai a yar. Wannan zai ba shi haushi. Amma da zai ga Rabi da ɗankwalinta ta yi tsalle ta jefa, ƙwallo ta ratsa raga ta faɗo, na san zai yi murna, kuma na san yatsunsa za su yi ƙaiƙayi.

Bai bar gida ba, bai bar riga mai tambari ba. Ya bar kujerun da har yanzu wasu tsofaffin motoci ke yawo da su, ya bar baki mai riƙe magana fiye da yadda ɗinkinsa ya riƙe ƙwallo. Allah ya jiƙansa, ya yafe mana.

Rabi, ga amsarki. 'Yan wasan jami'a, ku ci gaba da ba da labarin, yana da daɗi, ni ma ba zan hana ba. Sai dai ku gyara shi: leburan ya yi tambaya, mai ilimin ne ya ƙi cewa bai sani ba. Wannan karon na tabbata.