Kaucin da Ke Kan Lemon Mijina

Na yi aure kaina cike da furanni. A Kafanchan na girma, a gidan haya mai daɓen siminti, inda ko ciyawa ba ta samun wurin tsira. Amma ina karanta littattafan soyayyar nan da ake ba da haya a kasuwa, kuma a cikinsu babu gidan da ba shi da lambu. Saurayi zai tsinko fure ya miƙa, budurwa ta sunkuyar da kai. Tun lokacin na sa a raina cewa duk ranar da na samu ƙasa tawa, sai na shuka abin da ba a ci, abin kallo kawai.

Mijina malamin firamare ne, mutumin wani ƙauye a gefen Kagoma. Gidansu babba ne, an kewaye shi da shingen ƙerana, bayansa gonar citta ce da ta gwaza. Da zuwana na tara gwangwanayen madara da tsofaffin bokitai, na roƙo 'yan rassan fulawa daga gefen coci, na jera su a ƙofar ɗakina. Surukata ta tsaya tana kallo, hannu a ƙugu.

"Matanmu, wannan ana miya da shi?"

"A'a, Mama. Na ado ne."

"To Allah ya ba ka ƙarfin ba shi ruwa," in ji ta, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

Ita ce ta zagaya da ni ta nuna mini itatuwan gidan. A wurinsu, in an haifi yaro, ana binne cibiyarsa a tsakar gida a dasa itace a kai. Mangwaron bakin rumbu na yayan mijina ne, fiyar kusa da madafa ta ƙanwarsa ce, lemon da ke kallon hanya kuma na mijina. Ba sa cewa ƙarƙashin mangwaro ko ƙarƙashin fiya. Sunan mai itacen suke kira. Za ka ji an ce kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashin wane, ko wance ta zubar da ganye. Har waɗanda suka daɗe da rasuwa ana kiran su haka. Na taɓa jin surukata tana gaya wa maƙwabciya cewa mijinta ya yi 'ya'ya sosai bana, alhali ya rasu tun kafin in san gidan. Atilinsa take nufi. Na lura itatuwan mamatan kowanne yana da dungun wani babban reshe a gefe ɗaya, ya yi baƙi don tsufa. Ban tambaya ba. Na ɗauka iska ce.

Lemon mijina na fi so, ba sai an faɗa ba. In ya tafi makaranta, a ƙarƙashinsa nake tsintar acca, ina ji kamar yana tsaye a kaina.

A daminar da na haifi 'yarmu ta fari, wani abu ya fito a babban reshen lemon. Ganyensa daban, ya yi cunkus kamar sheƙa, sannan ya fitar da furanni sirara jajaye, kamar an watsa tsinken ashana. Wasu 'yan tsuntsaye masu dogon baki, masu sheƙi a wuya, suka fara zuwa da safe suna zura baki a ciki. Duk fulawar da na sha wahala a kanta ba ta kai shi kyau ba.

"Kauci ne," in ji surukata. "Yana shan jinin itace. Mai shi zai cire."

Mijina ya ce zai sare in an yi hutu. Na roƙe shi ya bari furen ya gama tukuna. Ya yi dariya ya ce, "Ke da littattafanki. To, na bar miki." Na ji daɗi ƙwarai. A ganina shi ne furen da ya miƙo mini.

Hutun bai zo ba ya kwanta. Zazzaɓi ne da farko, sai ya ƙi tafiya. Ya daina cin abinci, wuyansa ya yi tsawo, agogonsa yana zamewa har gwiwar hannu. Aka kai shi asibiti a Kafanchan, surukata ta bi shi jinya. Ni aka ce in zauna da jaririya a gida. Waya ba ta kamawa a ƙauyen sai an hau dutsen bayan coci, kuma duk lokacin da na hau, maganar ɗaya ce: ana dai ba shi magani, a ci gaba da addu'a.

Na koma kallon lemon. Ganyen reshen da kaucin yake ya fara rawaya, 'ya'yan da suka ƙulla suna faɗowa tun suna ƙanana. Kaucin kuwa sai ƙara ja yake. Ni 'yar coci ce, na yi makaranta, na san cibiya ba ta da waya zuwa jikin mutum. Amma duk safiya in na share ganyen da ya zuba, sai in ji kamar gashin kansa nake sharewa.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na goya yarinya, na kifa turmi a gindin lemon, na ɗauki adda na hau. Na so in cire kaucin kaɗai, sai na tarar ya shige cikin reshen sun zama nama ɗaya. Babu yadda za a raba su. Na sare reshen gaba ɗaya. Na daɗe ina sara, don hannuna bai saba ba. Da ya faɗo na ja shi zuwa waje don in kai juji. Ina isa ƙofar gida yarinya ta fasa kuka, sai na bar shi a nan, kwance a bakin shiga, na koma ciki in ba ta nono.

Daga inda nake zaune ina hangen hanya. Wata mata ta zo wucewa da bokiti za ta famfo. Ta tsaya. Ta kalli reshen, ta ɗaga kai ta kalli lemon, ta ajiye bokitin a tsakiyar hanya ta juya. Ba ta gaishe ni ba.

Jim kaɗan injin niƙa da ke bakin coci ya mutu. Ban taɓa jin ya yi shiru da hantsi ba. Sai na ga mutane suna dawowa daga gonakin citta, fartanya a kafaɗa, ba mai magana da wani. Wata tsohuwa ta shigo da dammin itacen girki, ta ajiye a madafa, ta zauna a jikin bango. Wata ta biyo ta da babbar tukunya. Na ce, "Sannunku, Mama." Suka ce, "Sannu, sannu," idonsu a ƙasa. Wata ta miƙo hannu ta karɓi yarinyar daga cinyata, wata ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, ta kama kafaɗata ta zaunar da ni a kai. Maza suka fara shigo da bencinan coci.

Akwai abu ɗaya da na sani game da mutanen mijina: matar mamaci ita ce ta ƙarshen ji. Labari yakan fara isa wurin dattawa, mutane su taru su zauna, sai gida ya cika sannan fasto ya zo ya faɗa. Na ce a raina, wani ya hau dutse ya yi waya.

Ban yi kuka ba. Kunnuwana ne suka buɗe. Ina jin ɗigar ruwa daga kwano, ina jin numfashin matar da ke kusa da ni. Matan zumuntar coci suka ɗauki waƙa ƙasa-ƙasa, ɗaya tana buga tulu a hankali da tafin hannu. Daga bayan gida, wajen da kaburburan iyali suke, na fara jin diga tana shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa. A ƙofar gida kuwa 'yan tsuntsayen nan sun sauko kan reshen da ke kwance, suna ta shan furen kamar kullum. Masu shigowa suna raɓawa ta gefe, ba mai tsallaka shi.

Ba fasto ne ya zo wurina ba, ƙanen mahaifin mijina ne, dattijon gidan. Ya cire hula, ya tsuguna a gabana.

"Matanmu, sai haƙuri. Yaushe ne? Jiya ne ko da asuba?"

Na kalle shi. "Baba, ni ce zan tambaye ku."

"Wa ya kawo miki labarin?"

"Ba wanda ya kawo mini. Ku na gani kuna shigowa."

Ya ce, "To wa ya sare reshen?"

"Ni ce. Kauci ne ya kama shi."

Waƙar ta tsinke daga gefenmu, ta bi layi tana mutuwa har zuwa bakin rumbu. Dattijon ya zauna daɓas a ƙasa. A nan ya gaya mini abin da kowane yaro a ƙauyen ya sani. Ba a sa ƙarfe a itacen mai rai, sai shi da hannunsa. In mutum ya rasu, ba a yin shela. Ana sare babban reshen itacensa a kwantar a ƙofar gida, duk wanda ya gani ya san wanda ya tafi. Tun da na zo ba a yi rasuwa a gidan ba, shi ya sa ba wanda ya tuna ya faɗa mini.

Na zaci za su yi dariya, ko su yi faɗa. Ba su yi ko ɗaya ba. Ba wanda ya tashi daga benci. Tsohuwar da ta kawo itacen girki ta ce wa na kusa da ita, ita ma da irin Hausar surukata mai mayar da mace namiji, "Bai ji labari ba. To me ya tashe shi da adda yau, ba jiya ba?"

Digar tana nan tana aiki a bayan gida.

"Baba, a ce su daina," na ce.

Ya aika a gaya musu. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni.

Aka hau dutse aka kira surukata, wayarta a kashe. Na ce zan tafi da kaina. Wani ɗan'uwan mijina ya tayar da mashin, na bar yarinyar a hannun matan. A hanya labari ya riga mu. Mutane a bakin gonaki suna cire hula in mun wuce, wata mata ta ɗora hannu biyu a ka. Ina riƙe da ƙarfen bayan mashin ina roƙon Ubangiji abu ɗaya, ban ma iya haɗa shi ya zama addu'a ba. Duk littattafan da na karanta, in mace ta kama hanya irin wannan, na san abin da take tararwa.

Na same shi a barandar ɗakin marasa lafiya, an fito da shi shan rana. Yana zaune a kan benci da kofin kunu a hannu, surukata tana kore masa ƙuda. Ranar ce ya fara riƙe kofi da kansa. Ya ga fuskata, ya ga laka har gwiwata.

"Ina yarinya? Wa ya mutu?"

"Kai," na ce.

Na zauna a ƙasa na ba su labari. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "An cika gidan? Hedimasta ya zo? Ai da kin bari na ji abin da fasto zai faɗa a kaina."

Surukata ba ta yi dariya ba. Ta karɓi kofin daga hannunsa ta ajiye.

"Sun tona?"

"Sun fara, Mama."

"Ya kai ina?"

Ɗan'uwan nasa ya nuna gwiwarsa. Ta rufe ido, leɓenta yana motsi. Da ta buɗe ta ce masa ya koma yanzu, ya gaya wa dattawa kada ramin ya kwana da baki a buɗe.

Ban ga yadda aka yi ba, an dai ba ni labari. Sun tumɓuke ayaba da gindinta, suka kwantar da ita a ramin, suka mayar da ƙasa. Fasto ya yi addu'ar godiya a tsakar gida, bai leƙa baya ba. Abincin da aka riga aka ɗora, aka ci shi a tsaye.

Mijina ya warke a hankali. Ranar da ya dawo, tsofaffin mata ba su amsa gaisuwarsa ba sai da kowacce ta kama wuyan hannunsa ta matsa. Yara sun daɗe suna kauce masa a hanyar makaranta. Wani abokin mahaifinsa, har ya bar duniya, in sun haɗu sai ya ce masa, "Sannu da dawowa," ko da daga famfo yake.

Kafin damina ta ƙare, wani koren tsiro ya huda tudun ƙasar nan na bayan gida. Ayabar ce. Ba wanda ya ba ta ruwa, ba wanda ya yi mata taki, amma ta fi duk ayabar ƙauyen tsawo, ganyenta har yana rufe kaburburan da ke kusa. Da ta yi nono, kan ya yi nauyin da sai da aka tokare shi da sanda. Ya nuna a jikinta. Ba wanda ya taɓa, ko yaran da ba sa barin gwaiba ta nuna.

Wata rana da yamma na nemi mijina ban gan shi ba. Na zagaya baya na same shi zaune a kan tudun, ya miƙe ƙafa, yana ɓare ayaba. Ɓawo uku ko huɗu a gefensa.

"Akwai zaƙi," in ji shi. Ya miƙo mini ɗaya.

Na ce na ƙoshi.

Har yanzu tana haihuwa, uwa ta faɗi 'ya ta tashi a wurin. Shi kaɗai yake ci. Yakan ɗauki 'yar wuƙarsa ya zagaya, ya daɗe a can. Wani lokaci in ina ba fulawata ruwa ina jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa ta bayan ɗaki, kamar mai hira. Ban taɓa zagayawa in ga da wa yake ba.